In Injin Wankin Mota Ya Fara Ɗiga: Jawabin Wani Ɗan Ƙungiya a Wurin Taro



Kun san yaranmu da dama da suka tafi Maradi da Damagaram da Yamai, wankin mota da babur suke ci da shi. Jarinsu duka inji guda ne, wanda ake ce ma Karcher ko da wani kamfani ne ya ƙera shi. Wasu kuma da kuɗin iyayensu aka saye shi. Shi ya sa na roƙi izini in yi magana a kan ɗigar ruwa, don ita ce ta kashe injina na farko.

Famfon irin wannan inji kashi biyu ne. Gaba akwai kai na tagulla inda ruwa ke shiga, baya kuma akwai gidan mai. Fistan 3 ke kai da komowa tsakaninsu, suna matsa ruwa har ƙarfinsa ya kai bar 100 ko 150. Abin da ke tsare wannan ruwa kuwa ƴan zobban roba ne, waɗanda makanikai ke kira juwan. In ka ga ruwa na ɗiga tsakanin kai da gidan mai, juwan ɗin ruwa ne suka gaji. In mai ke zuba, na mai ne. In kuwa man ya yi fari kamar madara, ruwa ya riga ya shiga ciki. Kashe inji nan take.

Ni ban kashe ba. Na ce ɗigo ne kawai, na ɗaura tsumma na ci gaba da aiki. Ruwa ya ɓata mai, ƙarafan ciki suka ci juna, famfo ya tashi aiki. Abin da roba za ta gyara, sai da na ci bashi.

Ga yadda ake gyaran. Kashe inji, ka cire waya daga wuta, ka rufe ruwa, sannan ka matsa bindiga har sauran ƙarfin ya fita. Kwance kusoshin kai, ka jawo shi a miƙe, kana ɗan bugunsa da icce, ba da guduma ba, don fistan na tangaran ne, yana fashewa. Shimfiɗa tsumma mai tsabta, duk abin da ka fidda ka jera shi bi da bi. Fidda tsofaffin juwan a hankali, kada ka karce tagullar. Duba fistan da kyau: in ya tsage ko ya yi zane, sabon juwan ba zai daɗe ba, sai an sake shi shi ma.

Ka tafi kasuwa da tsohon juwan da lambar famfo, ko Katako ne a Yamai ko wajen masu kayan inji na garin da kake. Kada ka yarda da mai kama da shi. Sake na fistan ukun gaba ɗaya, ko da guda ne ya lalace. Shafa masu ɗan giris, ka sa su yadda tsofaffin suke, buɗaɗɗen bakin yana duban wajen da ruwa ke matsowa. Wajen ɗaure kusoshi, ka ɗaura wannan kaɗan, ka tsallaka na daura da shi, har su zauna daidai. In man ya gurɓace, zubar da shi ka sa sabo. Saki ruwa ya kori iska kafin ka tada inji.

Abu uku ke cinye juwan: rairayi, rashin ruwa, da zafi. Ruwan tano ko na rijiya, a tace shi, a riƙa wanke matatar bakin tiyo, balle lokacin hunturu da ƙura ke sauka. Kada inji ya yi aiki ba ruwa. Kada kuma a bar shi yana kuka bindiga na rufe fiye da minti 2, don ruwan yana juyawa ciki yana zafi har ya dafa robar.

Iyaye, in yaro ya aiko yana neman kuɗin juwan, ku taimaka da wuri. Ƴan'uwa, wanda ya iya ya koya ma na ƙasa da shi.

Allah shi sa albarka cikin nemanmu, shi maida kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.