Mu Yi Gwajin Ƙanjamau Kafin Mu Tafi Gida: Jawabin Kwamitin Lafiya A Taron Ƙungiya

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, dattawa, iyayenmu mata, da sauran 'yan'uwa mazauna wannan unguwa tamu ta Sabo, Ibadan, muna yi muku barka da zuwa, tare da godiya da kuka bar harkokinku kuka amsa wannan kira.

Maganar da ta tara mu yau magana ce mai nauyi a baki, wato cutar ƙanjamau. Mun sani akwai iyaye da surukai a zaune, saboda haka muna neman a yi mana aikin gafara. Amma kunyar da za ta kai mutum kushewa ba ta da amfani.

Jama'a, mu mutane ne masu gida biyu. Akwai direbobin tirela a cikinmu, akwai 'yan goro, mahauta, 'yan canji, masu gadi da 'yan ci-rani. Wani iyalinsa na nan, wani kuwa nasa na Kano, ko Sakkwato, ko Maraɗi, sai da Sallah ko da damina yake leƙa su. Mutum yakan yi wata takwas, wani ma shekara, bai ga matarsa ba. Ba mu zargi kowa ba, amma kowa ya san abin da zaman gwauranci a bariki yake jawowa. Mukan sayi atamfa da goro da manja mu kai tsaraba. To, mu tabbata ba mu haɗa da wata tsarabar da ba a gani da ido ba.

Waiwaye adon tafiya. A shekarar 1986 aka fara ba da sanarwar ɓullar cutar a Nijeriya. A lokacin mutane da yawa sun ce ƙarya ce, ciwon Turawa ne. Da Fela ya rasu a Ikko a 1997, yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya taɓa riƙe ministan lafiya, ya fito fili ya faɗa wa duniya cewa ƙanjamau ce ta kashe ƙanensa. A 2001, awon mata masu ciki ya nuna kusan shida cikin ɗari na ɗauke da ƙwayar. Wannan ne zamanin da ake kiranta kabari kusa, kuma da yawanmu mun yi jana'izar waɗanda aka ce sammu ne ko shawara. Amma abubuwa sun sake. Babban binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari ne tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, kuma an ƙiyasta masu ɗauke da ita kusan miliyan 1.9. Ta ragu, amma fa ba ta tafi ba.

Abu na farko shi ne gwaji. Wannan ƙwaya, wadda likitoci ke kira HIV, tana iya zama a jikin mutum shekaru yana cin tuwonsa, yana tuƙa motarsa, ƙato da shi, alhali tana cin garkuwar jikinsa a hankali. Ba a gane ta a fuska. Jini ɗigo ɗaya ake ɗauka a yatsa, cikin kamar minti ashirin a gaya maka sakamako, kai kaɗai a ɗaki. In ya nuna akwai, sai an sake tabbatarwa da wani gwajin. In ya nuna babu, amma ka san ka yi ganganci kwanan nan, ka koma bayan wata uku, domin sabon kamu ba ya bayyana nan da nan. Ana yi a asibitocin gwamnati, da UCH, da asibitin haihuwa na Adeoyo, da ƙananan asibitocin unguwa.

Abu na biyu, rigakafi. Hanyoyin kamuwa sanannu ne: saduwa, jini, da kuma daga uwa zuwa ɗa, a ciki ko wajen haihuwa ko shayarwa. Kame kai da tsayawa ga iyali shi ne gaba da komai. Wanda ya san ba zai iya ba, ko ma'auratan da ɗayansu ke da ita, kwaroron roba yana karewa, kuma akwai maganin rigakafi da likita ke bai wa wanda ba shi da ita. Wanzamanmu da masu yankan farce, don Allah reza ɗaya mutum ɗaya, kayan ƙaho da na kaciya kuma a dafa su sosai. A guji allurar ɗaka wadda ba a ɓare a gabanka ba. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, kamar fyaɗe ko sukar allurar wani, ya garzaya asibiti kafin awa 72 su cika, akwai maganin kwana 28 da ke hana ƙwayar zama. Amma ku ji da kyau: gaisawa, cin abinci kwano ɗaya, buta, sahun salla, cizon sauro, duk ba sa kawo ta.

Iyayenmu mata, awon ciki ba gayu ba ne. In ba a yi komai ba, cikin jarirai ɗari da masu ƙwayar suka haifa, 15 zuwa 45 na iya kamuwa. In uwa na shan magani yadda ya kamata, ba sa kai biyar. Maigida, kai ma ka bi ta a gwada ku tare, kada a bar ta ita kaɗai da ɗaukar labari.

Abu na uku, magani. Tun 2006 gwamnatin tarayya ta mai da maganin kyauta, kuma tun 2016 ƙa'ida ita ce da an gano a fara sha, ba sai an kwanta ba. Yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana. Mai sha ba fashi, cikin kamar wata shida ƙwayar cutar takan yi ƙasa har awo ya kasa ganinta, kuma muddin tana haka ba zai sa wa matarsa ta hanyar saduwa ba. Zai yi kasuwancinsa, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu, ya ga jikoki in Allah ya so. Sai dai maganin danne ta yake, ba ya kashe ta. Ranar da aka daina, sai ta farfaɗo. Don haka mai lasifika a tasha da ya ce zai warkar da kai da kwalba biyu, kuɗinka yake so. In za ka gida ka daɗe, gaya wa asibiti su ba ka na watanni, ko takardar da za ka karɓa a can. Da azumi kuma a tambayi likita yadda za a mai da lokacin sha zuwa dare.

Saura maganar tsangwama, wadda ita ce ke hana mutane zuwa gwaji. Unguwarmu ƙarama ce, magana ba ta kwana. Dokar ƙasa ta 2014 ta hana korar mutum daga aiki ko makaranta saboda wannan cuta. Mu ma kada mu kori ɗan'uwa daga ɗaki ko rumfa. Wata ta same ta a ɗakin aurenta, wani da ita aka haife shi.

Roƙonmu uku ne. Malamanmu su nemi takardar gwaji kafin ɗaurin aure, na budurwa ko na bazawara, kamar yadda jihar Kano ta mai da shi doka a 2024. Ƙungiya ta ware amintattu, mace da namiji, masu riƙe sirri, da za su raka wanda ba ya jin Yarbanci ko Turanci zuwa asibiti. Sannan kowane magidanci ya yi gwaji kafin ya hau motar gida. Mu 'yan kwamiti mu za mu fara.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare zuriyarmu.