Iyakar Jibia da Waɗanda Ba a Shawarta

Maganata a yau guda ɗaya ce: shugabancin al'umma a garin kan iyaka ba ya cika sai an zauna da mata da matasa tun kafin a yanke hukunci, ba bayan hukunci ya gama cin su ba.

Mu dubi abin da ya faru a gabanmu. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa. Da aka buɗe Illela da Maigatari a ƙarshen 2020, Jibia ta ci gaba da zama a garƙame har watan Afrilun 2022. Ba a gama numfasawa ba sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka sake rufewa har Maris na 2024. A tsakani an hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, kuma a Satumban 2021 an katse layukan waya saboda 'yan bindiga. Kowane mataki yana da hujjarsa a Abuja ko a Katsina. Amma wa ya biya kuɗinsa? Ɗan dakon da ke sauke buhu a Magama, da ɗan acaɓan da ke jigila zuwa Ɗan Isa, da bazawarar da ke dafa wa direbobi shinkafa da wake, da matar aure mai ƙuli-ƙuli wadda adashinta ya rushe ranar da motoci suka daina tsayawa. Babban ɗan kasuwa yana da jarin da zai jira. Waɗannan kuwa abin da suka samu da rana shi ake ci da dare. Saurayin da ya rasa dako ba ya zama hannu rabbana. Wani ya bi barauniyar hanya da jarkar fetur, wani ya faɗa shaye-shaye, wani kuma, Allah ya kiyaye, daji ya ja shi. Su kuma yara mata, talla ce ke fara raba su da makaranta.

Za a ce mini iyaka lamarin gwamnatin tarayya ne, hakimi ko limami ba shi da ikon buɗe ta. Haka ne. Sai dai rashin ikon buɗewa bai hana ikon faɗar gaskiya ba. Gwamnati tana jin ƙorafin da ya zo mata a tsare, da sunayen unguwanni da yawan waɗanda abin ya shafa, fiye da koken da ya tsaya a bakin majalisa. Irin wannan bayani kuwa yana hannun mata. Ungozoma ta san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Malamar Islamiyya ta san yarinyar da ta daina zuwa. Lokacin da mutanen ƙauyuka irin su Shimfiɗa suka kwararo cikin gari suna gudun 'yan bindiga, matan gidajen nan ne suka raba tabarma da tuwo da su. Shugaban da bai saurare su ba, da rabin labari zai je gaban gwamna.

Akwai kuma masu ganin zaman mata a shawara baƙuwar al'ada ce. Wannan magana tana ba ni mamaki a ƙasar da Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa mata jagorori da ake kira jaji suna ratsa ƙauyuka don karantar da 'yan uwansu mata. A fadar Maraɗi, wadda Katsinawa suka kafa, sarautar Iya ta mata tana nan da kujerarta. Ba aro muke nema ba, namu ne muka yi sakaci da shi. Kuma babu mai cewa a keta mutuncin kowa. Ana iya jin ta bakin mata ta hanyar wakilansu, cikin sutura da ladabi, muddin dai abin da suka faɗa zai kai inda ake zartarwa.

Yanzu ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi yana ratsa ƙasar Jibia. Jirgin ƙasa zai kawo kaya masu yawa, amma zai iya wucewa ya bar ɗan dako da mai abinci a tsaye idan ba a yi musu tanadi ba. Ina roƙon iyayen ƙasa da shugabannin ƙaramar hukuma: a kafa zaman shawara na dindindin a fadar hakimi, da kujerun matan kasuwa da na 'yan dako da 'yan acaɓa, a fara shi tun bana, kafin a raba rumfunan tasha.