Jawabin Sakataren Ƙungiya Kan Bashin Karatu



A shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa asusun bashin ɗalibai, wato NELFUND. 'Ya'yanmu haifaffun Kudu suna da haƙƙi a ciki kamar kowa, muddin babbar makarantar ta gwamnati ce. Takardar shaidar ɗan asalin jiha ba ta cikin sharuɗɗa. Ana neman lambar NIN, BVN da ta JAMB, a waya ake cikewa.

To amma bashi ne, ba kyauta ba. Babu kuɗin ruwa, alhamdu lillahi. Ana fara biya bayan shekara 2 da gama hidimar ƙasa. Mai albashi, za a riƙa cire masa kashi 10 cikin 100. Mai sana'ar kansa kuwa, shi zai kai kashi 10 na ribarsa duk wata. Nan damuwata take: yaron da ba ya rubuta cinikinsa, ina zai san ribarsa? Wanda bai samu aiki ba, kada ya ɓuya, ya kai takardar rantsuwa ya nemi ƙarin lokaci.

Ku turo su ajinmu na daren Asabar da wayoyinsu, mu koya musu wannan lissafi da yadda ake duba abin da ake bin su.