Cin zalin da ke bin yaro har ɗaki



Kowannenmu ya san cin zali tun yana ƙarami: babban yaro ya tare ƙarami a hanyar makaranta ya ƙwace masa kuɗin tara, ko a laƙaba wa yarinya mummunan suna har ta daina fita. Abu uku ne ke raba shi da wasa: da gangan ake yin sa, ana maimaita shi, kuma wanda ake yi wa ba shi da ƙarfin kare kansa.

Wannan halin ne ya shiga waya. Cin zali ta intanet shi ne a yi amfani da WhatsApp, Facebook ko TikTok a zagi mutum, a yi masa ƙazafi ko barazana, ko a yaɗa hotonsa don a kunyata shi. Sau da yawa masu yin haka su ne dai masu tsangwamar yaron a aji ko a unguwa.

Sai dai na waya ya fi cin zango. A da, yaro na shiga gida ya tsira. Yanzu zagin yana aljihunsa har tsakar dare. A da, 'yan unguwa kaɗai ke gani. Yanzu hoton da aka saka a Jibiya da safe zai iya kaiwa Maraɗi kafin azahar. Mai yin kuwa yana iya fakewa da sunan ƙarya.

A asibiti muna ganin illarsa: ciwon kai, rashin barci, ƙin abinci, gudun makaranta. Wani ma har yakan yi tunanin halaka kansa. Idan yaro ya furta haka, ku kawo shi a ranar.

Idan ɗanku ya kawo ƙara, ku saurare shi kafin faɗa. Kada ku ƙwace wayar, domin tsoron haka ne ke sa yara yin shiru. Ku adana saƙonnin a matsayin shaida, ku toshe lambar, ku sanar da malamai. In da barazana, ku je wurin hukuma: Najeriya ta yi dokar laifukan intanet a 2015, Nijar a 2019.

Mu ma manya, in abin kunyar wani ya shigo wayarmu muna zaune a rumfa, kada mu tura shi gaba. Mai turawa ya sa hannu a zaluncin.

Allah Ya shirya mana zuri'a.