Sallama Bayan Doguwar Hidima: Wa Ke Rubuta Sunayen?

Jawabin da aka gabatar a taron Ƙungiyar Ɗalibai



Muna godiya ga ƙungiya da ta ba mu wannan dama, ko da ya ke mun san akwai waɗanda suka fi mu cancantar tsayawa a nan. Batun da aka ɗora mana shi ne na ma'aikacin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana hidima, sa'an nan rana ɗaya a miƙa masa takardar sallama, ba don ya yi laifi ba, sai don makircin ofis ya rutsa da shi. Wani zai ce me ya haɗa ɗalibi da wannan magana, alhali ko takardar ɗaukar aiki bai taɓa riƙewa ba? Amsa ita ce, da yawanmu da albashin irin waɗannan dattawa a ke biya mana kuɗin makaranta, kuma nan da 'yan shekaru mu ne za mu zauna a kujerunsu.

Bari mu soma da abin da muka gani a gidanmu. Kawunmu akawu ne a sashen kuɗi na wata ma'aikata, ya yi shekara 27 a cikinta. Mun tashi mun same shi yana fita bayan sallar asuba da 'yar jakarsa, ba ya komowa sai la'asar sakaliya. Ba a taɓa ba shi takardar tuhuma ba ko sau ɗaya. Ana nan sai aka canja shugaban ma'aikatar, sabon ya zo da mutanensa, ofis ya rabu biyu: ga 'yan tsohon shugaba, ga 'yan sabo. Kawu ba ya cikin ko ɗaya, amma an gan shi a wurin sunan jikan tsohon shugaban, daga nan aka lissafa shi a wancan ɓangare. Bayan haka aka kawo masa takardar biyan kuɗin wasu kaya waɗanda ba su shigo sito ba, ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ga kayan. Ba wanda ya yi masa faɗa. An dai ɗauke shi daga sashen kuɗi an kai shi wani ɗaki inda ba fayil ɗin da ke zuwa, ya yi wata bakwai yana karanta jarida. Da aka tashi rage ma'aikata, sai aka ce ai ga wanda ba ya aikin komai, aka sa sunansa.

Takardar layi huɗu ce, ta gode masa, ta ce ya miƙa makullai kafin a tashi. Mako uku ya yi yana sa hularsa da safe yana fita kamar kullum, ya je ya zauna a masallacin wata unguwa, don kada maƙwabta su sani. A shekarar nan 'yarsa ta biyu ba ta koma makaranta ba. Amma abin da ya fi ci masa rai, wanda har yau in ya tuna sai ya yi shiru, shi ne wanda ya tsara jerin sunayen ya buga. Saurayi ne mai digiri, wanda Kawu ya koya wa yadda a ke rufe lissafin wata, kuma ya sha cin tuwo a gidanmu. Bayan wata biyu aka ba shi kujerar Kawu. Jama'a, wannan saurayi bai girme mu da yawa ba, kuma a irin wannan zaure ya zauna kafin ya kama aiki. Saboda shi ne muka karɓi wannan jawabi.

Abin da ya sami Kawu yana da tarihi a ƙasar nan. A ran 29 ga Yuli 1975 aka hamɓarar da gwamnatin Janar Yakubu Gowon, Murtala Muhammad ya zama shugaban ƙasa. Lalle a lokacin akwai ɓarna a fili. Jiragen ruwa ɗauke da siminti sun toshe tashar Ikko saboda odar da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, kuma da aka binciki gwamnonin jihohi 12, an sami 10 da laifi, Mobolaji Johnson na Ikko da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma kaɗai suka fita. Saboda haka da sabuwar gwamnati ta ɗauki tsintsiya, jama'a sun yi murna, ɗalibai kuwa suna sahun gaba wajen tafi. Cikin 'yan watanni aka sallami ma'aikata fiye da 10,000, tun daga manyan sakatarori da alƙalai da 'yan sanda da malaman jami'a har zuwa masinja. Dalilan da a ke bayarwa su ne cin hanci, ko rashin iya aiki, ko tsufa, ko rashin lafiya. Mutum sai ya ji sunansa a rediyo, a ce an sallame shi nan take.

Ba mu ce duk waɗanda aka kora masu gaskiya ba ne, kuma ba mu zo don mu rage darajar marigayi Murtala ba, wanda aka kashe ran 13 ga Fabrairu 1976 jama'a suna ƙaunarsa. Abin tambaya shi ne, ta yaya sunaye suka kai ga teburin shugabanni? Shugaban ƙasa bai san akawun ma'aikatar gona ta wata jiha ba. Sai shugabannin sassa su kawo sunaye, sai kuma takardun ƙorafi, wasu ma ba sa hannu. Nan fa mai tsohuwar gaba ya sami hanya, mai jiran kujera ya sami tsani. Da yawa ba a tambaye su ba balle su kāre kansu. Har Babban Jojin Ƙasa, Taslim Elias, an sauke shi a 1975, amma a 1976 ya zama alƙali a Kotun Duniya da ke ƙasar Holan, a 1982 kuma ya zama shugabanta. Shi ya sami inda aka san darajarsa. Ƙaramin ma'aikaci kuwa gida ya koma da tambarin ɓarawo, ko ya yi sata ko bai yi ba.

A 1984 aka sake irin wannan shara, har gwamnatin soja ta lokacin ta kafa doka mai lamba 17, wadda ta ba hukuma ikon sallamar ma'aikaci, ta kuma hana kotu sauraron ƙararsa. Watau an rufe ƙofar aiki, an rufe ta shari'a.

Yanzu sai mu duba abin da irin wannan sallama ke haifarwa, domin a nan ne nauyin maganar ya ke. Mutane sukan tausaya wa wanda aka kora, su manta da waɗanda suka rage a ofis suna kallo. Su fa darasi su ke ɗauka. Da can ma'aikacin gwamnati ya yarda da ɗan albashinsa saboda ya san in ya tsare amana zai kai lokacin ritaya, ya karɓi garatuti da fensho. Wannan tabbaci shi ne ke ba shi ƙarfin zuciyar da zai rubuta a fayil cewa abu kaza ya saɓa wa ƙa'ida, ko da minista ne ke so. Ran da ya ga an kori na kusa da shi ba tambaya, abu biyu zai koya. Na farko, riƙon gaskiya ba ya tsare kujera, ubangida ke tsare ta, saboda haka sai ya bar bautar aiki ya koma bautar mutum. Na biyu, tun da ba a san gobe ba, gara ya tara abin da zai tara tun yau. Tsofaffin ma'aikata da dama sun sha faɗin cewa sharar 1975, wadda aka yi don kashe cin hanci, ta taimaka wajen yaɗa shi ta wannan hanya. Mu dai mun ga misalinsa da idonmu: takardar nan da Kawu ya ƙi sa wa hannu, wanda ya gaje shi bai kwana da ita ba.

To, ina mafita? Ba mu ce kada a taɓa rage ma'aikata ba. Ma'aikata kan yi yawa, kuɗi kan yi kaɗan, rago da ɓarawo kuwa bai kamata su fake da daɗewa a aiki ba. Abin da mu ke nema shi ne a bi ƙa'ida, kuma ƙa'idar tana nan a rubuce. Dokokin aikin gwamnati sun ce kafin a hukunta ma'aikaci sai an ba shi takardar tuhuma, an bayyana laifinsa, an ba shi lokaci ya amsa. A 1981, a shari'ar Shitta-Bey da Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Tarayya, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa waɗannan dokoki suna da ƙarfin doka, ba a korar ma'aikacin gwamnati don an ga dama, ta kuma ba da umurni a mayar da shi bakin aikinsa. A 1985 ta yi irin wannan hukunci a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Ikko. Game da ƙananan ma'aikata kuwa, Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce in za a rage mutane sai an sanar da ƙungiyarsu dalili, kuma a bi tsarin wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya, tare da duba ƙwazo da iya aiki. Bugu da ƙari, gyaran tsarin mulki na 2010 ya ɗaukaka Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ya ba ta hurumin sauraron irin waɗannan ƙararraki.

Amma kada mu ruɗi kanmu, hanyar shari'a doguwa ce. Malaman Jami'ar Ilorin 49 da aka sallama a 2001 saboda yajin aiki, sai a 2009 Kotun Ƙoli ta mayar da su, bayan wasu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Su ma sun jure ne don suna da ƙungiya a bayansu. Dokar Ƙwadagon nan kuma, wanda ya yi shekara 5 da wanda ya yi 30 duk sanarwar wata ɗaya ta tanadar musu. Dokar fensho ta 2014 ta kawo ɗan sauƙi, domin ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin 100, mai aiki yana zuba kashi 10 a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin, kuma wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, in ya yi wata 4 bai sami wani ba, yana iya cirar kashi 25 cikin 100. Wannan yana rage zafi, amma ba ya maido da mutunci.

Saboda haka mu ke ganin babban maganin yana hannun mutanen da ke cikin ofis, musamman matasa. Babba ba ya buga takarda da kansa, ba ya tono tsohon fayil, ba ya jin hirar da a ke yi a ƙarƙashin bishiya sai an kai masa. Duk makircin ofis da ƙananan hannaye a ke ƙulla shi, kuma sabon ma'aikaci mai zumuɗin ci gaba shi ne ya fi sauƙin aike. Don haka muna roƙon yayyenmu da ke aiki, muna kuma gargaɗin kanmu, da abubuwa kaɗan.

Kada mu rubuta ƙorafi a kan kowa ba tare da sa hannu ba. In abin gaskiya ne, mu sa sunanmu mu tsaya a kansa; in ba za mu iya ba, to, mu binciki niyyarmu. In aka umurce mu mu tsara sunayen waɗanda za a sallama, mu nemi a ba mu ma'aunin a rubuce, mu bi shi, mu kuma rubuta a fayil duk inda aka kauce masa. Mai mugun nufi ba abin da ya ke gudu kamar a ce masa, "Ranka ya daɗe, a ba ni a rubuce." Mu karanta dokokin aiki tun makon farko, mu adana takardar ɗauka da ta tabbatarwa da ta ƙarin girma a gida, kada mu dogara ga fayil ɗin ofis, don fayil yakan ɓace ran da a ke bukatarsa. Mu shiga ƙungiyar ma'aikata tun muna lafiya, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa a ke yi. Mu girmama shugaba, amma kada mu zama yaran wani, don shugaba canja shi a ke yi, kuma ran da ya tafi yaransa ne farkon shiga jeri.

Akwai kuma abu guda wanda ba ya bukatar doka ko kotu. Wanda aka sallama, a je a gaishe shi. Kawu ya ce a cikin mutanen da ya yi shekaru yana zama da su, uku kaɗai suka taka ƙofar gidansa, saura suna tsoron kada a gan su. Ɗaya daga cikin ukun masinja ne, ya zo da ƙwaryar gero a bayan kekensa, kuma har yau in Kawu zai yi addu'a sai ya ambace shi.

'Yan'uwa ɗalibai, mun saba tsayawa a wannan zaure mu zargi manya da lalata ƙasa. Manyan nan su ma sun taɓa zama ɗalibai masu zafin kai irinmu, kuma da yawansu daga 'yar takarda ɗaya suka soma, wadda aka ce su buga, suka buga ba su tambaya ba. Za a kawo mana tamu, wataƙila tun a shekarar farko ta aiki. Muna fata a ranar za mu tuna cewa kowane suna a jerin nan yana da iyali da ke jiransa a gida.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya saka wa iyayenmu da suka yi hidima da alheri.