Ɗaliban Lauya a Bencin Baya

Duk wanda ya kammala digirin shari'a a Najeriya sai ya yi shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi kafin ya sanya baƙar riga da farar hular gashi. An kafa makarantar a 1962, kuma tana da rassa a Bagauda da Yola.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne makonnin da ake tura ɗalibai kotuna da ofisoshin lauyoyi. Can za ka ga ɗalibi a bencin baya, biro a hannu, yana rubuta yadda ake neman beli, da yadda ake titsiye mai shaida da tambayoyi. Manyan lauyoyi, don Allah kada ku mayar da su 'yan aike. Ku ba su fayil su karanta, ku tambaye su ra'ayinsu.