Motarka Tana Ɗiga? Nemi Tushen Yoyon



Yau sharhinmu na masu tsohuwar Land Cruiser ne da Hilux, musamman direbobin da ke bin hanyoyin karkara. Da safe ka ga ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashin motarka. Me ke zuba, kuma daga ina?

Da farko, duba launi. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Idan ɗigon baƙi ne mai santsi, man inji ne. Idan mai kauri ne mai wari, man giya ne. Irin waɗannan motoci suna da shi a gaba, da tsakiya, da baya. Idan kuwa kore ne ko ja, marar kauri, ruwan lagireto ne.

Na biyu, nemi tushe. Inda mai ya ɗiga ba lallai nan ya fito ba, domin iska na kora shi baya. A wanke inji, a tayar da shi, a bi danshin har sama. Duba bakin tiyo, duba famfon ruwa. Amma kada ka buɗe lagireto da zafi. Ina maimaitawa, kada ka buɗe shi da zafi.

Na uku, ruwa na raguwa amma babu ɗigo? Duba man inji. Idan ya koma kamar shayi da madara, salansa kuma na fitar da farin hayaƙi, wataƙila gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Kashe motar, kira makanike.

Launi, tushe, sannan gyara. Allah ya kiyaye hanya. Sai an jima.